Shekarar da Inna Ta Goyi Bayan Golan Djougou

Bana ma sama ta yi mana rowa. Hadari ya haɗu ta wajen Tourou kamar da gaske, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya a guje, sai ya watse ya bar mu da gumi. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki ina fifita, jikokina maza suka zo suka tsaya mini a ka suna musu a kan 'yan ƙwallon ƙasa. Wannan ya ce golan ba ya gani, wancan ya ce 'yan baya ne ba su da ƙafa, suna yi suna haɗawa da Faransanci kamar za su daku. Na ce su tafi can su ƙarata, kaina na ciwo. Sai ƙaraminsu ya ce, "Kaka, ke me kika sani a ƙwallo?" Ka ji mini ɗan nema! Ni da na yi bazara guda cur abincin gidanmu yana rataye a kan wanda za a ɗauka gola.

A lokacin Dahome ake ce wa ƙasar nan, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Ina amarya a nan Parakou, shekara ban cika ba a gidan miji, ga cikin fari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba yanzu da tsufana, amma duk gari Makulli ake ce masa, saboda in ya tsaya a raga to an rufe ƙofa. Shi ke tsare wa ƙungiyar garinmu gida. Mutum ne dogo, ga tafin hannu kamar faifai, ba shi da yawan magana.

Mu uku ne a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna. Baba, wato surukina, fataken goro ne su tun kakanni, amma ciwo ya kwantar da shi a ƙarshen daminar da ta wuce, jinya ta cinye ɗan abin da ke hannu, daga baya ya cika. Abin da ya rage mana shi ne gona a ƙauyen Tourou da irin doya. Kuma ciwon nan ya zo ne daidai lokacin da ake tada tuddan doya, ƙasa na da sauran laima. Kowa ya tada nasa, mu muna bakin tabarmar marar lafiya. Saura dama ɗaya ke nan: in ruwan farko ya sauka, a tada tuddai da sauri a binne irin. In wannan ta wuce, shekara ta wuce.

Irin yana cikin wata rumfar kara a bayan ɗakin Inna, an lulluɓe shi da ganye. Kullum da safe sai ta leƙa shi kafin ta sha koko.

Gonar doya ba aikin mutum ɗaya ba ne. A Tourou gayya ake yi, mu da maƙwabtanmu Bargawa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Ƙa'idarta kuwa ba ta da kwana: gidan da ya ba da hannu shi ake bai wa hannu. In ba ka aiko da namiji da garmarsa gonar mutane ba, kada ka sa ran ganin garmar kowa a taka. Ba mugunta ba ce, haka aka gada, kuma shi ya riƙe abin. Mu kuwa namijinmu ɗaya ne tak.

Bazarar shekarar ta yi zafi na fitar hankali. Tun hantsi ƙasar tsakar gida ba ta takuwa. Ruwan rijiya ya ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da zai fito rabinsa laka ne, sai ka ajiye ya kwanta. Dawar rumbu ta kusa ƙasa, Inna ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini. Da safe koko ne tsinkakke wanda kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinsa, da rana mu jiƙa garin rogo mu yafa gishiri. Mangwaro ya rufa mana asiri ba kaɗan ba. Ni kuwa ciki ya sa mini kwaɗayin sakwara, wallahi har mafarkinta nake yi, ga doya jibge a bayan ɗaki ba halin taɓawa.

Ana cikin haka wata ranar kasuwa wani mutumin ƙungiyarsu ya zo a kan keke yana haki, ya ce ana neman Makulli a Kwatano. Za a tara 'yan wasan ƙasa a gwada su, kuma an ce golan da ake da shi ya fara tsufa, ana son a duba wasu. Kai, unguwa ta ɗauka! Ka ce an naɗa shi sarauta. Ba a saba kiran ɗan arewa ba, shi ya sa kowa ya ɗauki abin nasa ne.

Da yamma na same shi a ɗaki na ce, "To gonar fa?"

Ya ce, "Gwaji ne, 'yan kwanaki ne. In ba su ɗauke ni ba na dawo kafin ruwa."

"In sun ɗauke ka fa?"

Ya ce in an ɗauke shi za su riƙe shi har cikin damina, ana yawon wasa ƙasashen maƙwabta. Amma an ce wanda ya zauna a ƙungiyar akan sama masa aiki a tashar jirgin ruwa ko ta jirgin ƙasa. Na dube shi, idonsa na ƙyalli irin yadda ban gani ba tun rasuwar Baba. Me zan ce? Na ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Inna ba ta ce komai ba, kuma ba yadda za a yi ta ce. Shi ne ɗanta na fari. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, uwa ta rungume ɗan fari a gaban mutane tana kiran sunansa. A zamaninmu ina! Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. In tana da magana da shi ta bakina take bi, ko da yana tsaye a wurin: "Gaya wa mijinki kaza." To macen da ba za ta iya cewa "sannu da zuwa" ba, ta yaya za ta ce "kada ka tafi, da kai na dogara"? Ranar tafiyarsa rabin unguwa suka raka shi gar, wato tashar jirgin ƙasa. Ita tana tsakar gida tana tsince dawa. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Ki sa masa ƙuli-ƙuli a jaka."

Zauren gidanmu wani tela ne ke ɗinki a ciki, Malam Audu, kuma yana da rediyo. Tun da Makulli ya tafi zauren ya koma majalisar ƙwallo. Daga an yi sallar la'asar maza za su cika shi, har a kan dakali, a kunna rediyo a ji labarin wasanni, a kashe don kada batir ya ƙare, sannan a buɗe musu.

Malam Audu ne uban masu suka. Yana taka keke yana cewa, "Wannan ita ce ekip, ƙungiyar ƙasa? 'Yan gaba ba su san ba da ƙwallo ba, kowa so yake ya yanke mutum goma a tafa masa. 'Yan baya kuma in aka wuce su sai su tsaya suna kallon alƙali."

Wani ya ce, "A'a Malam Audu, kada ka haɗa duka. Mai lamba goman nan yana da ƙafa."

"Yana da ƙafa, ba shi da numfashi. A dawo hutu ka neme shi ka rasa."

"To duk wannan ba shi ne ciwon ba. Ciwon Dogo ne."

Dogo shi ne tsohon golan, mutumin Kwatano. Kai, bawan Allah nan ya sha zagi a zaurenmu. Wai ƙwallon sama yake kamawa, ta ƙasa sai dai ya bi ta da ido. Wai gwiwarsa ta mutu. Wai don ɗan kudu ne ake lallaɓa shi. Kullum musun a wuri ɗaya yake ƙarewa: in dai da adalci, Makulli za a ɗauka. Sai su yi ta shewa, ni kuma ina bayan katanga ina tunanin gona.

Da can Inna, hayaniyar zauren nan ta fi komai ba ta haushi, takan ce mutane da gemunsu sun zauna suna gardama a kan fatar da yara ke harbi. Sai ga shi ta jawo tabarmarta gindin katangar zaure, wai nan ne inuwa ta fi. Tana kaɗi, kunnenta na can. Wata rana bayan sun watse ta ce mini, ba ta ko kalle ni ba, "Wannan Dogon da suke ta ci wa mutunci, da gaske ba ya kamawa?"

Na ce, "Haka dai suke cewa, Inna."

Ta ce, "Mutum ya daɗe yana aikinsa, rana ɗaya a ce bai iya ba? Ai tsufa ba hauka ba ne. Allah ya ƙara masa ƙarfin gwiwa."

A nan na gane ni da ita abu ɗaya muke roƙo: kada a ɗauki Makulli. Ba mu taɓa faɗa wa juna ba. Amma daga ranar in an yabi Dogo a zaure sai mu haɗa ido, in an kushe shi tuwon ranar ba ya mana daɗi.

Sannan Kawu Bukari ya zo. Ƙanen Inna ne, a Djougou yake zaune, yana bin manyan motoci da kayan gwari, kuma bakinsa ba ya shiru ko yana barci. Ya kawo mana ɗan daddawa da busasshiyar kuɓewa, Allah ya saka masa. Shi ya kawo labarin cewa ba Makulli kaɗai aka kira ba, akwai wani yaro gola daga Djougou. Zo ka ga tashin hankali a zaure! Aka bar Dogo ya huta, aka koma Parakou da Djougou. Kawu ya ce yaronsu kamar kyanwa yake, ko ta ina ka jefa shi da ƙafa zai dira. Malam Audu ya ce 'yan Djougou su fara samun fili mai ciyawa tukuna. Kawu ya ce ai a kan tsakuwa ake gane gola. Har aka kira magariba ba wanda ya saurara wa wani.

Da ya shigo cikin gida cin abinci, ya zauna yana ɗan kame-kame, don ya san yayarsa ta ji yana kushe ɗanta. Ya ce, "Yaya, kada ki ɗauka da zafi, musun maza ne. Ɗan naki ma ai ba baya ba ne."

Inna ta ce, "Shi yaron naku, yana da iyali?"

"Ko aure bai yi ba."

"Gona fa?"

"Su bakwai ne maza a gidansu, wa zai neme shi a gona?"

Ta ce, "To ai shi ya dace. Ni a ganina ma ya fi. Allah ya ba shi."

Kawu ya saki baki, loma a hannu. Shi bai ji komai a maganar ba sai cewa ya ci musu. Kafin a yi isha'i ya kai wa zaure, kafin ya hau mota ya kai wa 'yan tasha: uwar Makulli da bakinta ta ce golan Djougou ya fi. Mata suka riƙa yi mini wani kallo a bakin rijiya. Wasu suka ce kara ce irin ta uwar ɗan fari, wasu suka ce wannan ta wuce kara.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da azahar. Iska ta fara zuwa ta ɗauke mana murfin rumbu, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu, ƙamshin ƙasa ya cika gari, muka tara duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo. Kowa na murna. Ni da Inna muka tsaya a ƙofar ɗaki muna kallon ruwan. Ban taɓa jin tsoron ruwan sama ba sai ranar.

Washegari Baba Sabi ya zo, dattijon da ke tsara gayya a Tourou, abokin marigayi Baba ne. Ya tsuguna a ƙofar gida ya gaisa da Inna cikin yaren Dendi, ya ce an fara. Ya ce don darajar marigayi ya sa gonarmu a ƙarshe. In yaron ya dawo ya samu ko gonaki kaɗan ne ya yi wa mutane, za a zo mana. In kuwa har aka kai ƙarshe bai sa garma a gonar kowa ba, shi ba zai iya tilasta wa mutane ba. Ya ce, "Kin san yadda abin yake." Inna ta ce ta sani, ta gode.

Daga nan kwanakin suka zama abin da ba na son tunawa. Kullum da sassafe sai mu ji maza na wucewa da garemani a kafaɗa, da yamma a ce an gama ta wane, gobe ta wane. Laima ta shiga rumfa, irin ya fara tsiro, dogayen tsirai farare suna neman ƙasa. Wasu suka fara ruɓewa ta gindi. Inna takan zauna da wuƙa ta yanke inda ya ɓaci, ta shafa toka a wurin, guntayen da suka rage ta dafa mana. Doyar da na yi ta mafarki ke nan, ga ta a bakina tana ɗaci, ina ci ina jin kamar shekarar gaba nake cinyewa. Na ce mata ko ni in ɗauki fartanya in je, ta dubi cikina ta ce in rufa mata asiri.

A zaure kuwa ba abin da ya dame su. Su teloli ne da 'yan kasuwa, ruwa bai hana su komai ba. Wai an ji Makulli ya kama fanareti a wajen gwaji. Wai mai horarwa ya dafa kafaɗarsa. Duk labarin da ya faranta musu, mu sai ya zame mana baƙin labari.

Ranar da za a faɗi sunayen waɗanda aka riƙe, zauren bai ɗauki mutane ba, har titi. Malam Audu ya sayi sabon batir. Mai rediyo ya yi ta zuba Faransanci, ni ba abin da nake tsinta sai sunaye. Na tsaya jikin turmi na kasa kunne. Aka kira Dogo. Aka kira yaron Djougou. Aka wuce zuwa 'yan baya.

Zaure ya fashe. "Zalunci ne!" "Wallahi an yi son kai!" Malam Audu ya rantse ba zai ƙara sauraron wasan ƙasar nan ba, rantsuwar da ba ta kai Juma'a ba. Dattawa suka yi sallama suka shigo yi wa Inna jaje kamar an yi rashi. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai tana amsawa, "Haka Allah ya so. Na gode, na gode." Suna fita ta miƙe kamar yarinya ta ce, "Ɗauko mini dawar nan da na ɓoye a tulu, a jiƙa ta. Gayya ba ta yiwuwa ba kunu." Na shiga ɗaki na yi kuka, ni kaina ban san na murna ne ko na tausayinsa ba.

Jirgin da ya dawo da shi ba wanda ya je tarya. Sai Kawu Bukari, da ƙaddara ta kawo shi gar ɗaukar kaya. Shi a ganinsa lallashi yake, ya dafa shi ya ce kada ya damu, yaron nan ba a ja da shi, ai ko Yaya ta faɗa tun kafin a zaɓa cewa ya fi shi.

Makulli ya shigo gida ya rame, ya yi baƙi. Ya gaida Inna daga nesa, ta amsa tana kallon wani wuri kamar yadda ta saba. Bai ci abinci ba. Da asuba ya ɗauki garmar Baba ya nufi Tourou. Gonaki kaɗan suka rage, ya yi su duka, Baba Sabi ya ce bai taɓa ganin mai sara ƙasa da fushi irin haka ba. Hannun da aka saba gani a raga ya yi kanta ya fashe. In na yi masa magana sai ya ce "uhm". Rashin ɗaukarsa ya yi masa ciwo, amma na san ba shi ne ke cinsa ba.

Ranar gayyarmu aka tashi da lumshi, an yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Maza suka jeru, mai ganga na bin su, garemani na tashi tare suna sauka tare, tuddai na fitowa jajaye layi bayan layi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na irin ya riga ya lalace, amma sauran ya isa ya riƙe gida. Da rana ta take muka iso da kunu da tuwo, ni da Inna da matan maƙwabta. Muka sauke a gindin wata ɗorawa, mutane suka zo suka kewaye ƙore.

Makulli bai zo ba, sai da kowa ya zauna. Ya tsaya a gabanmu, laka har gwiwa, garma a hannu. Abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi, ya dubi mahaifiyarsa kai tsaye ya ce, "Inna, da gaske kin ce ya fi ni?"

Baba Sabi ya sunkuyar da kai. Inna tana riƙe da ludayi, kunun na zuba a ƙasa. Ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon tuddan nan da suka miƙe har bakin rafi, sannan ta juyo gare ni, muryarta can ƙasa.

Ta ce, "Gaya wa mijinki, ni ban san ƙwallo ba. Amma na san duk ƙasar nan ba mai hannu irin nasa. Abin da ya hana ni barci ke nan."